Garin ƙara ƙarfi da gwajin fitsari: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara sai sababbin yara sun shigo wurin ɗaga ƙarfe da robar gari a jaka, kowa na cewa, "Koci, ai furotin ne kawai." Na faɗa har bakina ya gaji, yau bari in rubuta.

Kuskuren farko shi ne yarda da abin da aka rubuta a jikin roba. Injin da ya haɗa sitiroyid, sinadarin gina tsoka da aka haramta wa 'yan wasa, da safe zai iya zuba furotin da yamma ba tare da an wanke shi sosai ba. Wasu kamfanonin kuma da gangan suke barbaɗawa, don mai saye ya ga jikinsa ya buɗe ya dawo. A farkon shekarun 2000 ɗakin gwaji na birnin Kolon a Jamus ya binciki irin waɗannan kayan guda 634 daga ƙasashe 13, ya tarar 94 na ɗauke da dangin sitiroyid da ba a rubuta a jikinsu ba. Sau da yawa wanda ke cikin robar bai isa ya ƙara maka tsoka ba, amma ya isa ya fito a fitsari. Dokar WADA kuwa, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun ƙwayoyi a wasanni, ba ta da kwana-kwana: abin da aka samu a jikinka, kai ne da alhakinsa.

Na biyu shi ne wanda har yau yake ci mini rai: yar da roba bayan gari ya ƙare. Akwai yarona, mai ladabi, ko goro ba ya ci. Ni da kaina na raka shi shago muka sayi garin. Ya shanye, ƙaninsa ya mayar da robar ta zuba kusoshi. Bayan wata biyu sakamako ya zo, an ga nandrolone, wani nau'in sitiroyid, a fitsarinsa. Aka buɗe kwalbar fitsari ta biyu, shi ne dai. Suka ce mu kawo abin da ya sha a gwada. Ina? Babu rasit, babu lambar zubin da kamfani ke bugawa a gindin roba. Mai shago ya ce shi bai ma taɓa sayar da irinsa ba. Da me za ka kare kanka, da rantsuwa? Mahaifinsa ya zo har ƙofar gidana ya ce, "Malam, amana na ba ka." Ban iya ɗaga kai ba.

Ku dubi Simona Halep, 'yar wasan tanis ta Romaniya. An yanke mata dakatarwar shekara 4, amma a 2024 kotun wasanni ta duniya ta mayar da shi wata 9, domin ta gamsu cewa daga gurɓataccen gari abin ya shiga jikinta. Asafa Powell, ɗan tseren Jamaika, shi ma daga wata 18 aka rage masa zuwa 6. Su suna da lauyoyi da kuɗin gwaji. Kai da ba ka da ko ɗaya, robarka ce lauyanka, kuma ita ce kake ba ƙaninka ya zuba kusoshi!

Tun daga lokacin, duk yaron da ke hannuna sai ya ɗauki hoton lambar zubi da rasit ya turo mini kafin ya fasa murfi. Cokali biyar na ƙarshe ba a sha, ana rufe robar a kawo mini in ajiye a kabad. Matata ta ce na mayar da ɗaki kanti. Ba wata hukuma ce ta sa ni ba, tsarina ne, wani kocin zai ce na cika tsanani. Kuma ba ma sayen komai sai mai tambarin Informed Sport, masu gwada irin waɗannan kayan, da yake su zubi-zubi suke gwadawa, duk da cewa shi ma rage haɗari yake yi kawai.

Sauran a taƙaice. Fom ɗin da ake ba ka ranar gwaji yana tambayar abin da ka sha cikin kwana 7, rubuta har farasitamol. Kada ka sha daga gorar abokinka. Tramadol ta shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, masu haɗiyarta kafin wasa ku ji. Maganin ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda, kada ka kusance su, akan cusa dexamethasone a ciki, maganin da shi ma haramtacce ne a lokacin gasa. Ƙwayar wani ba taka ba ce: ta matarsa André Onana, mai tsaron gida ɗan Kamaru, ya haɗiya bisa kuskure a 2020, aka dakatar da shi wata 9 a 2021.

Idan kuma gasa ta kai ka Meziko ko Sin, yi hankali da nama, domin wasu masu kiwo a can suna ba dabbobi clenbuterol, maganin da aka haramta wa 'yan wasa. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Meziko a 2011, an ga alamarsa a fitsarin yara sama da 100. Ni dai nawa in sun je can, kifi da ƙwai da wake za su ci har su dawo, tsiren yana nan yana jiransu a gida.