Kurakuran da baƙi suka fi yi a tsibirin Kirit na Girka, da yadda ake kauce musu

Yawancin kurakuran da baƙo ke tafkawa a Kirit daga taswira suke farowa. Mutum ya buɗe waya ya ga wani ɗan siririn abu kwance a kudancin Girka, sai ya ce ai tsibiri ne, kwana uku sun isa a zagaye shi. Kirit shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar. Tsawonsa daga yamma zuwa gabas kimanin kilomita 260 ne, wato ya ɗara tazarar Kano zuwa Kaduna, mutanensa kuma sun haura 600,000. Tsawon ma da sauƙi. Abin da ke cin lokaci shi ne duwatsun da suka ratsa tsakiyarsa: Fararen Duwatsu a yamma, Siloritis a tsakiya mai tsayin mita 2,456, da Dikti a gabas. Babbar hanya guda ce, ta bi gaɓar arewa ta haɗa Haniya, Retimno, Irakliyo da Ayos Nikolawos. Duk wanda zai je kudu sai ya hau dutse ya gangara, kwana bayan kwana, wani lokacin a bayan garken awaki. Daga Haniya zuwa Hora Sfakiyon kilomita 70 ne da 'yan kai, amma bas na cin kusan awa biyu.

Saboda haka kada ka kama ɗaki ɗaya ka ce daga nan za ka riƙa fita ko'ina. Wanda ya sauka a Irakliyo yana son ganin rairayin Elafonisi a ƙuryar yamma da kurmin dabino na Bayi a ƙuryar gabas, a cikin mota hutunsa zai ƙare. In mako ɗaya gare ka, zaɓi rabi guda. Yamma ta fi kwazazzabai da tsofaffin birane, tsakiya da gabas sun fi kufan mutanen zamanin da, da faɗin fili. In kwanakinka sun kai goma, raba masauki biyu ko uku, ɗaya daga ciki ya kasance a kudu. Babu jirgin ƙasa a tsibirin. Motocin bas na KTEL suna zirga-zirga sosai tsakanin manyan biranen arewa, amma akwai ƙauyen da sau ɗaya ko sau biyu bas ke leƙa shi a rana, ranar Lahadi kuma sai abin da ka gani.

Sunayen garuruwa su ma suna ɓatar da mutane. Garin da ake furtawa Haniya za ka gan shi a allon hanya an rubuta Chania, wani wurin Hania. Irakliyo shi ne Heraklion kuma shi ne Iraklio. Mafi muni shi ne suna ɗaya a wurare biyu: akwai Kasteli a yamma, wadda ake kira Kisamos, akwai wata Kasteli a gundumar Irakliyo, tsakaninsu tafiyar awanni. Kafin ka danna suna a waya ka kama hanya, duba gundumar da wurin yake, domin huɗu ne kawai: Haniya, Retimno, Irakliyo da Lasiti.

Kwazazzabon Samariya ba yawon shan iska ba ne

Nan ne aka fi shan wahala. Hoton da ake yaɗawa na wurin da ake kira Ƙofofi, inda bangon dutse biyu suka matso juna har faɗin bai wuce mita uku ko huɗu ba, shi ke jan mutane, ba tare da sun tambayi yadda ake isa can ba. Tafiyar ƙafa ce ta kimanin kilomita 16. Ana farawa daga Ksiloskalo a tudun Omalos, sama da mita 1,200 daga teku, a gangara har ƙauyen Aya Rumeli a bakin Tekun Libiya. Kilomitocin farko gangara ce mai tsini a kan matakalan dutse da itace, gwiwa ke ɗaukar nauyin duka. Daga baya sai ka shiga gadon rafi kana taka duwatsu masu motsi a ƙarƙashin ƙafa. Mai ƙarfi na yin awa biyar, wasu bakwai. Wanda ya zo da silifa ko sabon takalmin da bai taɓa sawa ba, kafin ya kai kufan ƙauyen Samariya, wanda aka tashi mutanensa a 1962 lokacin da aka mai da wurin gandun gwamnati, ƙafarsa ta riga ta yi bororo.

Kuskure na biyu ya fi na takalmi tsada. Mutum ya tuƙa motar haya zuwa Omalos ya ajiye, ya gangara, sai a ƙasa ya gane babu titin mota da ya shiga Aya Rumeli. Jirgin ruwa kaɗai ke fitar da mutane, zuwa Suya ko Hora Sfakiyon, motarsa kuma tana can kan dutse. Gyaran shi ne ka hau bas ɗin asuba daga Haniya, ka dawo da bas ɗin da ke jiran jirgin yamma. Ka riƙe tikitin shigarka, ana karɓarsa a ƙofar fita don a tabbatar ba a bar kowa a ciki ba. Gora ɗaya ta isa, akwai maɓuɓɓugan ruwa a hanya. Ana buɗe kwazazzabon ne daga wajen Mayu zuwa ƙarshen Oktoba, kuma ana rufe shi ranar ruwan sama ko mugun yanayi saboda duwatsu na zubowa, don haka kada ka ajiye shi sai ranarka ta ƙarshe. Mai yara ko mai ciwon gwiwa ya nufi kwazazzabon Imbros, rabin wancan ne, ana gamawa cikin awa uku, mota kuma na isa duka bakinsa biyu.

A ganina ma, wanda ya kwana a Aya Rumeli ko a Lutro, wani ƙauyen da shi ma mota ba ta shiga, ya fi wanda ya yi tseren kama jirgi more kuɗinsa.

Motar haya da bakin teku

Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, kuma mai lasisin Najeriya ko Nijar ya tanadi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida. Abin da ba a cika karantawa a takardar haya ba shi ne inshora ba ta ɗaukar ɓarnar da aka yi a hanyar da ba kwalta. Hanyar zuwa Balos, tafkin nan mai ruwa garai-garai a arewa maso yamma, tsakuwa ce da ramuka na kimanin kilomita takwas. Jirgin ruwa daga Kisamos ya fi kwanciyar hankali. A babbar hanya kuma, inda layi ɗaya ne, al'adar direbobinsu ita ce mai tafiya a hankali ya raɓa gefe ya bar na baya ya wuce. In ka kafe a tsakiya, fitila da oda za su dame ka.

A watannin Yuli da Agusta iskar arewa da suke kira meltemi tana tashi kwanaki a jere. Tana ta da igiyar ruwa a gaɓar arewa, tana iya hana ƙananan jiragen ruwa tashi. Jar tuta a bakin teku na nufin kada a shiga, kuma wanda a kududdufi ko kogi ya koyi iyo kada ya gwada ƙarfinsa da ita. Rairayin Elafonisi mai ruwan hoda an hana ɗibarsa. Bishiyoyin kurmin Bayi kuwa dabino ne na asalin tsibirin, sai dai 'ya'yansu ba su da tsokar kirki, kada ka sa rai.

Abinci da salla

Ga Musulmi wannan sashen ya fi kowanne muhimmanci. Naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa a naɗe cikin gurasa, wato giros, galibi na alade ne a Girka, haka ma tsiren da suke kira sublaki, sai in an ce na kaza ne. Apaki, wanda ake yawan jerawa cikin abincin gargajiyar tsibirin, naman alade ne da aka busar da hayaƙi. Kalmar da za ka haddace ita ce hirino, alade. Arni rago ne, katsiki akuya, sari kifi. Miyar nama da dama da ruwan inabi mai sa maye ake dafa ta, sai ka tambaya. Wanda ke kiyaye yanka ba zai kwana da yunwa ba: akwai dakos, busasshen burodin sha'ir da aka jiƙa aka zuba masa tumatir, cuku da man zaitun, akwai kalitsuniya masu cuku ko ganye a ciki, akwai wake, gasasshen kifi, da fanken Sfakiya mai cuku da ake kwarara wa zuma. Kiristocin Otodoks suna da abincin azumi marar nama da suke kira nistisimo, kusan kowane mai gidan abinci ya san shi.

Sai abin da ke zuwa bayan an ci. Ka nemi lissafi, sai mai gida ya ajiye faranti na kankana ko ɗan kayan zaƙi, da wata ƙaramar kwalba mai farin ruwa da 'yan mitsi-mitsin kofuna, kyauta. Ba ruwa ba ne. Giya ce mai ƙarfi da ake tatsa daga dusar inabi, suna ce mata raki ko sikudiya. Karramawa ce a wurinsu, don haka ba a ture ta da ɓacin rai. Ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya ka ce ba ka sha, ka ci kankanar. In kana tare da yara, janye kwalbar daga gabansu tun kafin wani ya miƙa hannu.

Wasu suna ganin ƙubba a bakin tashar jiragen ruwa ta Haniya ko hasumiya a Retimno su ɗauka sun sami wurin Juma'a. Musulunci ya daɗe a tsibirin. Larabawan Andalus ƙarƙashin Abu Hafs sun kama shi a shekarun 820, suka gina garin da ya zama Irakliyo suka kewaye shi da ganuwa da rami, suka riƙe shi har 961. Bayan mulkin mutanen birnin Benis na Italiya, Daular Usmaniyya ta Turkawa ta ci Haniya a 1645, ta ci Irakliyo a 1669 bayan ƙawanyar shekara 21. Kirit ta haɗe da Girka a 1913, musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya ta 1923 kuma ta kwashe Musulmin da suka rage. Masallacin bakin ruwa na Haniya yau zauren baje kolin zane ne, na Neratse a Retimno wurin koyon kiɗa. Ka taho da dardumarka da manhajar alƙibla, ka taho da buta ko gora, domin banɗakunansu ba su da ita. Takarda kuma a kwando ake jefawa, bututunsu sirara ne.

Kufai da ƙauyuka

Kowa na zuwa Nosos, kufan wata tsohuwar fada da ke kilomita biyar kudu da Irakliyo. Kuskuren shi ne a ɗauka jajayen ginshiƙan nan da zanen bango haka aka tono su. Arthur Evans, Baturen Ingila da ya soma nasa aikin haƙa a wurin a 1900, shi ya sake gina sassa da dama da kankare bisa hasashensa, zanen da ke bangon kuma kwafi ne. Na ainihi suna gidan tarihi na Irakliyo, can ya kamata a fara. Wanda ke son kufan da ba a yi wa kwalliya ba ya je Festos a kudu, a kan tudun da ke kallon filin noman Mesara. Duka biyun da sassafe ake zuwa, inuwa ta yi ƙaranci.

Ƙauyuka kuwa lokacinsu daban ne. Wanda ya isa da ƙarfe uku na rana zai tarar da tagogi a rufe da kyanwa kwance a kan kujera, ya juya ya ce ba kowa. Daga uku zuwa biyar da rabi lokacin hutu ne da doka ma ta hana hayaniya a cikinsa a bazara. Gari na farfaɗowa ne bayan shida, abincin dare kuma sai tara. Je ka Margarites da safe ka ga maginan tukwane a bakin aiki, ko Kiritsa don saƙa da ɗinkin hannu. A tudun Lasiti kada ka nemi dubban injinan iska masu fararen tutoci da ake gani a tsofaffin hotuna, famfon zamani ya maye gurbin mafi yawansu. Abin gani a can shi ne filin dankali da tuffa da duwatsu suka yi wa zobe, sama da mita 800 daga teku. Ka tafi da rigar sanyi ko da a Yuni ne.

A Anoya da Kandanos za ka ga allunan tunawa a dandali. Sojojin Jamus sun ƙone Kandanos a 1941, Anoya a 1944, kuma jikokin waɗanda abin ya shafa su ne ke zaune a shagon kofi na gefe. Ba wurin jingina a ɗauki hoton dariya ba ne. Dattijo mai baƙar riga da dogon takalmi ma a gaishe shi a nemi izini kafin a ɗaga waya. Coci da gidajen sufaye irin su Arkadi suna son a rufe kafaɗa da gwiwa.

Daga Nuwamba zuwa Maris otal-otal ɗin bakin teku da yawa a rufe suke, jiragen ruwan kudu sun ragu, mutanen ƙauye sun koma tsinkar zaitun. Agusta kuma cunkoso ne da tsada, musamman wajen 15 ga wata da Girkawa kansu ke hutun bikin addini. Mayu, farkon Yuni da ƙarshen Satumba sun fi dacewa da mai son tafiyar ƙafa. Ko yaushe ka zo, riƙe 'yan Yuro a aljihu kafin ka hau dutse, domin ƙananan ƙauyuka da yawa ba su da na'urar cirar kuɗi.