Yadda za ka kula da tsakiyar idonka in gilashinka mai kauri ne

In lambar gilashinka ta kai -6.00 ko ta wuce, to idonka fa ya miƙe ne ta baya, tsawon lafiyayyen ido daga gaba zuwa baya yawanci wajen milimita 24 ne amma naka zai iya haura 26. Wurin da ke shan wahala shi ne makula, tsakiyar bangon ido da muke karatu da gane fuska da ita.

Na farko, ka je asibitin ido ka ce a maka hoton OCT, wato hoton da ke nuna siffar bangon ido daga ciki, ba zafi, minti kaɗan ne. Yara da matasa yawanci bangon nasu yana nan da lanƙwasa ɗaya sumul, amma in shekaru sun ja sai wurin ya lotsa kamar gindin ƙwarya, wasu kuma tsakiyar ta tasa kamar tudu. Shi ya sa kar ka yar da hoton bara, ajiye shi likita ya gwada da na bana.

A gida kuma, rufe ido ɗaya ka kalli layin tayil ko ƙarfen taga. In layin ya karkace ko tsakiya ta yi duhu, wallahi kar ka jira sati, canza gilashi ba zai gyara wannan ba.