Ranar da yaro ya ƙi karatu: kurakuran masu koyar da 'ya'yansu a gida

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona na fara koyar da 'ya'yana a gida, a nan Bauchi, kuma da aka buɗe ban mayar da ƙananan biyu ba. Yanzu duk wadda ta fara sai ta kira ni, kukan kuma ɗaya ne: "Yaya, yau yaron nan ya ƙi karatu, na yi na yi har na gaji." Ni ma na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da bulala, don ita ta fi cuta ta. Wata rana a watan Afrilu, wajen sha ɗaya na safe, an ɗauke wuta, kwano ya ɗau zafi, gumi na ɗiga kan littafi, na tsare yarona ɗan shekara takwas sai ya kawo mini lissafin sau bakwai. Ya yi ta hamma, yana wasa da fensir. Raina ya ɓaci, na karyo tsumagiyar darbejiya na tsula masa. Ya kawo lissafin yana shessheƙa, ni kuwa na ce ai ga shi ya iya, dama iskanci ne. Washegari aka nemi littafin aka rasa, sai bayan kwana uku na tsince shi a bayan randa, ya jiƙe sharkaf. Kusan wata biyu da zarar ya ga na shimfiɗa tabarma sai ya ce cikinsa na ciwo, kuma ba ƙarya yake ba, har amai ya taɓa yi.

Ku da kuke ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku amsa mini wannan. A makaranta in malam ya doke yaro, gida yake rugowa wajen uwarsa. To in uwar ce malamar, ina zai ruga? Kin haɗa masa aji da ɗaki wuri guda, kin kuma toshe ƙofa.

Kakarsu ce ta gyara mini ɓarnar, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Tana suyar masa, tandar mai gurbi bakwai ce, ta ce masa, "Maigidana, in na juye tandar nan sau huɗu, masa nawa za mu samu? In ka faɗa daidai ta farko taka ce." Ya ƙirga da yatsu ya ce ashirin da takwas. Tun daga ranar, in na ga kai ya cushe sai in rufe littafi mu koma madafa, ko in ba shi kuɗi mu je kasuwar Wunti ya lissafa canji da kansa.

Na biyu, cin hanci da waya. "Gama shafin nan in ba ka ka yi gem." Mako na farko kamar sihiri. Mako na uku yaro ya zama ɗan kasuwa, yana tayawa: shafi ɗaya minti goma, shafi biyu sai rabin awa. Ranar da caji ya ƙare kuwa babu karatu. Haba 'yar'uwa, ke kika koya masa cewa karatu wahala ce da ake biyan mutum ya yi. Ni na daina gaba ɗaya, na sha kuka da birgima na kwana huɗu, ya wuce.

Sauran ƙanana ne. Kada ki kwafo jadawalin makaranta daga takwas zuwa biyu. Yaro ɗaya ko biyu gare ki, ba arba'in ba, awa biyu da sanyin safiya sun isa, balle ga allo da asuba, ga Islamiyya da la'asar. Kada ki zaunar da shi bai karya ba. Kada ki ce "dubi ɗan maƙwabta". Da azumi a rage, duniya ba za ta tashi ba.

Akwai kuma ranar da ke ce matsalar, ba yaron ba: kin kwana da jinjiri, ko kun sami saɓani da babansu. Irin wannan rana ba na buɗe littafi. Ta ƙarshe da ta same ni, Keke Napep muka hau zuwa kabarin Abubakar Tafawa Balewa. Na gaya musu malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama firaminista, aka kashe shi a Janairun 1966. Da muka dawo, mai ciwon cikin nan ya nemi takarda da kansa, ya rubuta layi shida kan abin da ya gani. Kuskuren rubutu tara na ƙirga a ciki, ban gyara ko ɗaya ba sai ranar Asabar.