Haruffan zamani a allon shago: inda masu zane suka fi tuntuɓe

A shagunan zane da ɗab'i na Jidda da Makka, har da waɗanda Hausawa ke kai wa aiki a wajejen Shara Mansur, akwai salon haruffan da kwastoma kan nuna a waya ya ce irinsu yake so. Haruffa ne da aka gina kan da'ira, murabba'i da miƙaƙƙen layi. Kakansu shi ne Futura, wanda Paul Renner ya zana a Jamus ya fito a 1927. Eurostile na Aldo Novarese ya biyo baya a 1962 da O ɗinsa mai kama da akwatin talabijin, ga kuma Orbitron da ake saukewa kyauta a Google Fonts.

Matsalar da ta fi cin Bahaushe ita ce ƙugiya. Da yawa daga irin waɗannan haruffa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, balle manyansu. Idan ka buga kalma mai ƙugiya, manhaja za ta aro harafin daga wani salo daban, ya tsaya a tsakiyar kalma siriri kamar bare, ko ta saka akwati. Wasu sai su jefar da ƙugiyar su huta, allon Masaukin Baƙi ya koma Masaukin Baki. Kafin ka nuna wa kwastoma samfuri, buga Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ɓ ɗ ƙ ƴ a layi ɗaya ka duba. In babu su, mayar da rubutun ya zama zane (Ctrl+Q a manhajar CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator), ka yanko lanƙwasar saman f ka ɗora a kan b, d ko k, tana kallon dama. A Ɓ da Ɗ ƙugiyar tana hagu ne, daga sama. Kaurinta ya zo daidai da sandar harafin, kuma in salon mai kusurwa ne, ita ma ta yi kusurwa. Ƙugiya mai laushi a jikin Orbitron daga nesa ake gane ta.

Sai masu cewa ai da'ira da layi ne, su ɗauki rula su zana tambari da kansu. Ido ba ya yarda da rula. O da ta yi tsayi ɗaya cif da H za ta bayyana ƙarama, shi ya sa ake barin ta ta ɗan haura sama da ƙasa, kamar kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na tsayin. Layin kwance kuma yana bayyana ya fi na tsaye kauri ko da awonsu ɗaya ne, don haka a rage masa kaɗan. Inda cikin b ko d ya haɗu da sanda, a sirance mahaɗar, in ba haka ba wurin ya dunƙule ya yi baƙi. Wannan ne dalilin da jan harafi ta gefe don ya cika allo ke ɓata shi: sandunan tsaye su kumbura, na kwance su tsaya yadda suke. In faɗi ake so, Eurostile na da nau'i mai faɗi da ake kira Extended.

A Saudiyya allo ba ya rabuwa da Larabci, kuma nan ake yawan haɗa abin da bai haɗu ba. Salon rubutun Naskhi ko Ruƙ'a a gefen haruffa masu kusurwa ba sa jituwa. Kufi ne ɗan'uwansu: Noto Kufi Arabic, Cairo ko Reem Kufi. Kada ka daidaita su da lambar girma, don a lamba ɗaya Larabcin yakan fito ƙarami. Kaurin layi za ka duba. Tazarar da ake buɗawa tsakanin manyan haruffan boko tana tsinka haɗin Larabci, sai dai a ja kalmar da kashida, wato layin da ke tsawaita haɗin haruffa. In haruffan suka fito a rarrabe ko a juye a Illustrator, tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya ne ba a kunna ba.

Farashi, adireshi da dogon bayani a ba salo mai sauƙin karatu. Lambar waya ma haka, musamman a salon da sifili da O suke kusan tagwaye. Lambobi 10 ne masu farawa da 05, a raba su 3, 3, 4.

A wajen yanka, ma'aunin da masu allo ke bi shi ne santimita 2.5 na tsayin harafi ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu. Allon da za a karanta daga mita 30 yana son santimita 25. Sitika mai siririn layi da tsinin A ko M irin na Futura ita ce farkon ɗagowa a zafin Jidda, don haka a zaɓi mai kauri ko a ɗan datse tsinin. Bakin injin CNC (injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa) mai milimita 3 ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi, zai bar lanƙwasa ta milimita 1.5, in kaifin ne kyan salon, a kai wa injin leza. In kuwa huda rubutun za a yi a jikin ƙarfe ko akirilik, cikin A, O, D, R da Ɗ zai faɗo, sai an bar masa gada biyu masu riƙe shi.