Kurakuran da aka fi yi wajen sauya aksul ɗin baya na Hilux da Land Cruiser

Da zarar damina ta kankama a watan Agusta, baƙar ƙasar da ke wasu yankunan Gombe takan koma laka mai riƙe taya, rafuka su cika da yashi, sai ka ga garejojin cikin gari maƙil da Hilux da Land Cruiser masu kuka ta baya. Wata shaf ɗinta ya karye a hanyar ƙauyukan Dukku, wata haƙoran giyarta sun zube a hawan Tula. Mai mota, cikin ɓacin rai, sai ya ce wa makanike: "Malam, cire wannan ka sa mini wanda ya fi shi ƙarfi." Niyyar ba ta da laifi. Sai dai aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu yana kai musu juyi, ba shi kaɗai yake aiki ba. Dole ya yi daidai da na gaba, da furofela, da sifirin, da burki, da taya, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga rashin wannan daidaiton take fitowa.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne sayen aksul ba tare da an ƙirga haƙoransa ba. A cikin ƙoƙon nan da ke tsakiyar aksul akwai giya biyu da ake ƙirga haƙoransu: babba mai faɗi da makanikai ke kira kirawun, da ƙarama, finiyon, wadda furofela ke juyawa. Idan kirawun yana da haƙora 41, finiyon tana da 10, lissafin ya zama 4.10, wato furofela za ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wani aksul ɗin 43 da 10 ne, 4.30 ke nan. Akwai mai 41 da 9, wato 4.56, akwai mai 39 da 8, wato 4.88. Duk waɗannan ana samunsu a motocin Toyota, kuma daga waje ba za ka bambance su ba. Ƙoƙon iri ɗaya, notuna iri ɗaya, ya hau mota lafiya lau.

Muddin kana tafiya da tayoyin baya kawai, ba za ka ji komai ba, shi ya sa mutane ke biyan kuɗin aiki su tafi gida da murna. Ranar da ka sa ogzilari, tayoyi huɗu suka kama ja, ranar matsala za ta fito. Idan gaba 4.30 ne baya kuma 4.10, bambancin ya kusa kashi 5 cikin ɗari. A kowace mita 100, tayoyin baya suna neman su wuce na gaba da kusan mita 5, alhali ƙarfe ɗaya ya ɗaure su. Kamar shanun huɗa ne da aka haɗa a karkiya guda, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa. A cikin laka taya takan zame ta sauke wahalar, amma a kan tsandauri ko dutse babu inda za ta zame, sai wahalar ta koma kan giyar ogzilari da kuros ɗin furofela da shaf. Alamun farko su ne sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa, ogzilari kuma ya ƙi fita sai ka ja da baya.

Maganin ba ya cin ko sisi. In za a buɗe ƙoƙon, ka ƙirga haƙoran da idonka, kana sa alli a inda ka fara. In ba za a buɗe ba, ka tare tayoyin gaba da dutse, ka sa mota a furi, ka saki burkin hannu, ka ɗaga taya ɗaya ta baya a kan madogari mai kyau, ɗayar tana ƙasa. Ka yi alama a taya da furofela. Yaron gareji ya juya tayar sau 20 cif, kai kana ƙirga juyin furofela. Idan ka samu 41, aksul ɗin 4.10 ne, idan 43 ne, 4.30 ke nan. Wannan dabarar ta aksul ne wanda ba mai riƙo ba, wato wanda taya ɗaya ke iya juyawa ita kaɗai ba tare da ta ja ɗayar ba. Mai riƙo sai an ɗaga tayoyin biyu, a juya su tare sau 10. Ƙaramin farantin da kamfani ke liƙawa a ƙarƙashin bonet ko jikin ƙofa yana ɗauke da lambar aksul, amma abin da aka sa wa motar ranar da ta fito kawai yake faɗa. Motar da ta shekara ashirin tana yawo daga hannu zuwa hannu, Allah kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashinta yanzu, don haka na gaban ma sai an ƙirga. Kuma ko daga Ladipo a Legas za a turo maka kayan, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, ka nemi a ƙirga kafin a ɗora a mota. Mayar da aksul daga Gombe ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai kuma masu sa manyan tayoyi don mota ta ƙara tsawo, su bar giya yadda take. Daga taya mai inci 31 zuwa mai 33, an ƙara sama da kashi 6 cikin ɗari, kuma mota za ta rasa ƙarfin ja gwargwadon haka. A hawa sai direba ya riƙa ƙona kuloci, shaf kuma yana shan murɗa fiye da da. Wanda ke da 4.10 ya koma taya 33, 4.30 ne zai mayar da shi kusa da inda yake a da. Amma gaba da baya za a sauya tare.

Sai maganar wane irin aksul ne ya fi ƙarfi, inda ake yawan auna ƙarfi da kaurin ƙarfe kawai. A Hilux, shaf ɗin baya aiki biyu yake yi: yana juya taya, yana kuma ɗauke da nauyin mota da kayanta a kan boris ɗaya. Idan ya karye ta bakin waje, taya na iya ficewa da gangar burkinta. A yawancin Land Cruiser 70 da 80 kuwa, taya tana zaune a kan boris biyu da ke jikin bututun aksul, shaf juyawa kawai yake yi, ko ya karye taya ba za ta fita ba. Za ka gane shi da cibiyar da ta turo waje a tsakiyar wili, da notuna kewaye da ita. Ga mai ɗaukar buhuna daga gona a hanya mai ramuka, a ganina wannan ne sauyin da ya cancanci kuɗinsa. Sai dai yana son kulawa: giris a boris, da duba waɗannan notunan na cibiya, don in suka saki sukan guntule. Kuma kada a yaudari kai, aksul mai ƙarfi bai ƙara wa shasi ko burki ƙarfi ba. Motar da aka ƙera don tan guda ba ta zama ta tan biyu ba.

Kafin ka biya, auna faɗinsa daga fuskar da wili ke zama zuwa ɗayar, ka kwatanta da naka. Ka ƙirga ƙusoshin taya ma. Hilux mai ja da huɗu da Land Cruiser 80 shida ne, Land Cruiser 100 da 79 biyar. Wanda bai duba ba zai wayi gari da wili iri biyu a mota ɗaya, safaya guda ba za ta ishe shi ba.

Wurin zaman sifirin ba kasafai yake dacewa ba idan aksul na wata mota ne, dole a yanke mazaunin a sake walda. A nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Mai walda yakan ajiye aksul a ƙasa, ya auna da ido, ya zuba wuta a gefe ɗaya har ƙarfe ya yi ja. Zafin yana lanƙwasa bututun kaɗan, abin da ido ba ya gani, amma daga ranar sil zai riƙa yoyo, boris yana mutuwa, taya tana cin gefe. Sannan in bakin finiyon ya kalli sama ko ƙasa fiye da kima, furofela za ta riƙa kaɗa mota tana cinye kuros. Yadda ya dace shi ne a ɗora aksul, a sauke nauyin mota a kansa, a juya shi har karkatar da ke bakin finiyon ta yi daidai da ta bakin ogzilari, a ɗan ɗiga walda don ya tsaya, sannan a fitar da shi a gama kaɗan-kaɗan, ana sauya gefe ana bari yana hucewa. Ko wayar hannu tana iya auna karkatar.

Burki kuwa shi ake mantawa, alhali shi ke riƙe da rai. A ƙarƙashin yawancin waɗannan motoci akwai wani bawul da aka haɗa da aksul ta wani siririn ƙarfe, aikinsa ya ƙara wa baya burki idan an yi lodi, ya rage idan babu kaya. Wasu sukan bar shi yana reto, wasu su cire shi. Idan an ɗaga mota ba a gyara tsawon ƙarfen ba, bawul zai ɗauka mota fanko ce ko da tana ɗauke da buhu goma, sai burkin baya ya yi sanyi a gangara. A saita shi, a duba tiyon burki ya kai idan taya ta faɗa rami, a haɗa burkin hannu. Mota mai ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka burki, sai aksul mai wurin na'urar.

Idan kirawun da finiyon kawai za a sauya, a sani tare ake ƙera su, ba a haɗa na wannan da na wancan. Saita su aikin ma'auni ne. A ƙoƙon Hilux mai inci 8, ratar da ke tsakanin haƙora ba ta wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba, kuma babu hannun da zai iya jin wannan. Ka tambayi makanike cikin girmamawa: "Oga, akwai agogon aunawa? Za a shafa fenti a ga inda haƙora ke haɗuwa?" In ya ce shi da kunne yake yi, ka nemi wani. Ƙaramin bututun nan da ke matsewa a bayan notin finiyon sau ɗaya ake amfani da shi, a sa sabo.

Walda ƙananan giyoyin da ke cikin ƙoƙon, masu barin kowace taya ta yi gudunta, don tayoyi biyu su riƙa juyawa tare kuwa, ban goyi bayanta ba ga motar da ke hawa kwalta. A kwana, tayar waje tana buƙatar ta fi ta ciki gudu. In an hana ta, taya za ta riƙa goge titi, mota ta ƙi karya kwana, shaf ya karye da lodi a kai. Mai son haka ya sa makullin aksul, wanda ke haɗe tayoyin biyu, irin wanda ake kunnawa a kashe.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a saman bututun aksul, mashaƙar iska, wanda ba ya kai yatsa tsawo. Aksul ya ɗau zafi daga tafiyar Bajoga zuwa Nafada, ka tsunduma shi a rafi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan kafar ko ta sil. In kuma laka ta toshe ta, zafi zai tura mai ta sil zuwa kan burki. A sa mata tiyo a ja shi sama can jikin shasi. Bayan tsallake ruwa mai zurfi, ka buɗe notin zuba mai ka tsoma yatsa. In man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, a zubar. Man giya mai lambar GL-5 ake sawa, irin 80W-90, ba baƙin man inji ba, kuma aksul mai riƙo yana da nasa mai ɗauke da alamar LSD. Kullum a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi kwancewa.

Ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul sukan miƙe idan an taɓa ɗaure su, don haka sababbi za a sa, a kuma sake matse su bayan 'yan kwanaki ana aiki, tare da notunan taya. Idan sababbin giya aka sa, kada a yi lodi mai nauyi ko doguwar tafiya da gudu a kilomita 800 na farko, a riƙa tsayawa ana bari ƙoƙon ya huce. Bayan nan a zubar da man, a duba maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa. Ɗan baƙin gari mai laushi ba komai ba ne, amma in ka ji ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi a yatsa, a mayar da motar gareji a buɗe ƙoƙon tun haƙori bai zube ba.