Yadda ake gina manhajar littafin bashi da ba ta jiran sabis

A nan Katsina, aikin kuɗi na farko da ke zuwa hannun mai koyon rubuta manhaja kusan kullum iri ɗaya ne. Wani mai shago ko dilan hatsi zai kira ka ya ce yana son littafinsa ya koma cikin waya: wa ya ɗauki kaya, nawa ya biya, nawa ya rage. A ido ƙaramin aiki ne, amma a nan ne ake gane wanda ya san rumbun bayanai da wanda zanen maɓallai kawai ya iya. Ga yadda ni nake bi da shi.

Kafin ka buɗe kwamfuta, je ka zauna a shagon ka roƙi a ba ka littafin ka duba. Wani Alhaji mai sayar da hatsi da na yi wa irin wannan aiki ya miƙo min nasa, dogon littafi mai bangon kwali wanda gefensa ya yi baƙi saboda hannu. Babu suna cikakke ko ɗaya a ciki. Akwai "Sani mai shayi", akwai "Sani na Ƙofar Marusa", akwai "yaron Hajiya". A layi ɗaya an rubuta buhu biyu na gero, a na ƙasa tiya bakwai, can gefe an soke wani lissafi da jan biro an rubuta sabo a kansa. Na tambaye shi ko tiya nawa ce a buhu don in saka a manhaja. Ya ce, "Wane buhun, ɗana? Na gero ko na wake? Kuma na wace kasuwa?" Don haka kada ka ɗaure wannan lissafi a cikin manhajar. Ka bar wa mai shago gurbin da zai saka ma'auninsa da kansa, ya canza idan ya ga dama.

Shawara ta farko, wadda duk sauran suka rataya a kanta, ita ce a fara rubuta komai a cikin wayar, saba, wato babbar kwamfutar da ke intanet inda wayoyin ke tara bayanansu, ta zo daga baya. Yawancin darussan da muke koyo da su a intanet an tsara su ne a kan cewa sabis yana nan kullum, ana danna maɓalli sai manhaja ta aika wa saba ta tsaya jiran amsa. Yaron Alhaji da ya tafi kasuwar Mai'adua ko Jibiya ba zai tsayar da mai biyan bashi yana ɗaga waya sama ba. Kuma duk wanda yake jihar nan a watan Satumba na 2021 ya tuna lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni. Ciniki bai tsaya ba a wancan lokacin, manhajar da ke jiran saba ce kawai da ta tsaya.

Abin aikin yana cikin wayar tun asali. Kowace wayar Android tana zuwa da SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da D. Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, wanda ke ajiye komai a fayil guda. Idan da yaren Kotlin kake rubutu, ka hau kansa ta hanyar Room, kayan aikin da ke sauƙaƙa magana da shi. Idan Flutter ne, akwai sqflite da drift. Mai gina shafin yanar gizo yana iya yin makamancin haka da IndexedDB, rumbun da ke cikin burauza, sai dai ni na fi natsuwa da manhajar waya ga ɗan kasuwa, domin mutum yana iya share ajiyar burauza ba tare da ya san abin da ya tafi da shi ba.

Teburan da kake bukata ba su da yawa. Na abokan ciniki, na kaya, sai babban wanda nake kira harkoki. Ga shi a SQL, yaren da ake ba rumbun umarni da shi:

CREATE TABLE harkoki (
 lamba TEXT PRIMARY KEY,
 abokin_ciniki TEXT NOT NULL,
 kobo INTEGER NOT NULL,
 irin_kudi TEXT NOT NULL,
 bayani TEXT,
 mai_rubutawa TEXT NOT NULL,
 lokaci TEXT NOT NULL,
 an_aika INTEGER NOT NULL DEFAULT 0
);

Ka lura babu gurbin "jimillar bashi" a ko'ina. Da gangan ne, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne mafi yawan manhajojin bashi suke cin amanar masu su.

A ce ana bin Sani mai shayi naira 50,000. Da safe ya haɗu da yaron Alhaji a kasuwa ya ba shi 20,000, yaron ya rubuta a wayarsa inda babu sabis. Da rana ƙanen Sani ya zo shago ya ɗauki kayan 10,000, Alhaji ya rubuta a tasa wayar. Idan jimilla kake ajiyewa, wayar yaro za ta ce 30,000, ta Alhaji ta ce 60,000. Da dare sabis ya dawo, kowacce ta aika, wadda ta isa daga baya ta danne ta farko. Ko dai a cuci Sani ko a cuci Alhaji, kuma babu wanda zai san ta ina abin ya ɓaci. Gaskiyar lissafin 40,000 ce, kuma babu wayar da ta riƙe ta.

Amma idan abin da ya faru kake ajiyewa, layi ɗaya ya ce an biya 20,000, ɗaya ya ce an ɗauki kayan 10,000, to ko wanne ya riga isa duk ɗaya ne. Bashi ka rubuta shi da lamba mai ƙari, biya kuma da mai ragi, duk lokacin da ake son ganin abin da ya rage sai ka tara:

SELECT SUM(kobo) FROM harkoki WHERE abokin_ciniki = ? AND irin_kudi = ?;

Wasu za su ce tarawa a kowane lokaci zai sa manhaja nauyi. Ba a shagon hatsi ba. Ka saka fihirisa (index), mai saurin gano layi, a kan gurbin abokin_ciniki, SQLite za ta tara dubban layuka kafin ka ɗaga yatsa.

Daga wannan tsari sai wata doka ta fito da kanta: ba a gogewa, ba a gyara layin da aka riga aka rubuta. Idan yaro ya saka 200,000 a maimakon 20,000, manhaja ta ƙara sabon layi da ke warware na farko, sannan a rubuta daidai. Abin da jan biron Alhaji yake yi ke nan, yana sokewa amma tsohon rubutun yana nan ana gani. Ranar da aka zo gardama, kuma za a zo, za ka iya nuna wanda ya rubuta, da ƙarfe nawa, da wanda ya gyara.

Kuɗi kuwa a kobo za ka ajiye shi, cikakkiyar lamba marar ɗigo. Na san ba wanda ya ga kobo a kasuwa tun da jimawa, amma ba don ciniki ba ne. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai. Buɗe burauza ka sa JavaScript ta tara 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Naira 50,000 ta zama 5000000 a rumbu, sai wajen nunawa a allo ka raba da 100. Gurbin irin_kudi kuma saboda mu mutanen bakin iyaka ne. Mai ciniki da mutanen Maraɗi ko Damagaram wata rana sefa za a ba shi, kuma ba a tara sefa da naira a jimilla ɗaya.

Sai lambar kowane layi. Kada ka bari waya ta riƙa ƙirga 1, 2, 3, domin wayar Alhaji da ta yaronsa kowacce za ta samar da nata layi na 57, su yi karo a saba. Yi amfani da UUID, doguwar lamba da kowace waya ke ƙirƙira da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Tana da wani amfani da ya fi wannan. Sau da yawa waya takan aika, saba ta karɓa ta ajiye, sai sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo. Wayar za ta ɗauka bai tafi ba ta sake aikawa. Idan rumbun da ke saba PostgreSQL ne, ka rufe umarnin shigarwa da ON CONFLICT DO NOTHING, wanda yake nan tun fitowa ta 9.5. Ko sau goma aka aiko layi ɗaya, sau ɗaya zai zauna.

Aikawar kanta ba ta da wuya. Duk layin da an_aika ɗinsa yake 0 yana jiran tafiya. A Android ka ba WorkManager, mai gudanar da ayyuka a bayan fage, aikin, ka gindaya masa sharaɗin sai akwai intanet, shi zai riƙa farkawa ya gwada ko manhajar tana rufe. Ka aika kaɗan-kaɗan, kamar layi hamsin a tafi ɗaya, kuma kada ka mayar da gurbin zuwa 1 sai saba ta amsa da bakinta. Wajen jawo abin da sauran wayoyi suka rubuta, kada ka dogara da agogon waya. Wayar da batirinta ya mutu ko aka taɓa saitinta tana iya tashi da kwanan watan da ya wuce. Saba ta riƙa ba kowane layi da ya iso lambar jeri tata, waya kuma ta ce a ba ta duk abin da ya zo bayan lamba kaza. Lokaci ka ajiye shi da agogon UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, amma ka tuna Najeriya tana gaba da shi da awa ɗaya. Cinikin ƙarfe 12:30 na dare zai faɗa jiya idan ka manta juyawa wajen haɗa rahoton yini, abin da ke fitowa fili a goman ƙarshe na azumi lokacin da shaguna ke kai wa tsakar dare.

Yanzu sunayenmu. Waɗannan alamomin tambaya da ka gani a umarnin tarawa ba ado ba ne. Idan ka saba liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, ranar da aka shigar da Sa'adu ko Ja'afaru ko Mai'adua manhajarka za ta faɗi, domin wannan ɗan waƙafi na sama shi ne alamar rufe magana a SQL. Ta wannan ƙofar ce kuma ɓarayin intanet suke cusa nasu umarnin. Ka bar alamar tambaya, ka miƙa sunan daban.

Haruffa masu ƙugiya su ma suna da tasu rigimar. Idan rumbun MySQL ka zaɓa a saba, ka tabbata an saita tsarin haruffanta a utf8mb4, domin kafin fitowa ta 8.0 latin1 take zuwa da shi, wanda ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ. A cikin waya kuma, LIKE, umarnin bincike na SQLite, haruffan Turanci kawai yake daidaita babba da ƙarami, saboda haka Ɗanjuma da ɗanjuma mutum biyu ne a wurinsa. Ƙari a kan haka, Alhaji zai rubuta Ɗanjuma yau, yaronsa ya nemi Danjuma gobe. Maganin shi ne gurbi na biyu na bincike kawai: ka mayar da sunan ƙananan haruffa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ka cire waƙafin sama. Haka za ka yi wa abin da aka rubuta a akwatin nema. Asalin sunan yana nan yadda yake don nunawa. Ka kuma ba laƙabi da unguwa gurbinsu, a riƙa bincike da su, tun da da su ake sanin mutane.

Lambar waya rubutu ce, ba lissafi ba. Idan ka ajiye ta a matsayin lamba, sifirin farko zai ɓace. Ka daidaita duka su fara da +234, na Nijar da +227.

Batun tsaro a taƙaice: hanya tsakanin waya da saba ta kasance HTTPS, mai ɓoye abin da ake aikawa; takardar shaidar da yake bukata kyauta ce a Let's Encrypt. Kowane yaron shago da lambar sirrinsa, in ba haka ba gurbin mai_rubutawa ba shi da amfani. Sunayen mutane da lambobinsu da bashin da ake bin su amana ce, kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Kada ka ɗauki bayanin da aikin ba ya bukata. A saba, idan PostgreSQL ne, ka sa pg_dump ya riƙa kwafe rumbun kowane dare zuwa wani wuri daban, sannan lokaci-lokaci ka ɗauko kwafin ka zuba a rumbu fanko ka ga ko yana tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen gwaji ka ajiye babbar wayarka. Nemo ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno irin wadda yaran shago ke riƙewa, wadda ma'ajiyarta ta kusa cika da hotuna da saƙonnin WhatsApp. Samo biyu, ka kashe musu data, ka rubuta harkoki a kan mutum ɗaya a kowacce, sannan ka kunna ɗaya, ka kashe ta ana tsakiyar aikawa, ka kunna ɗayar. Bayan duk wannan wulaƙanci jimilla ta zo ɗaya a wayoyin biyu da saba. Fita da ita cikin rana kuma ka ga ko ana iya karanta allon. Lambobi su zama manya, maɓallan gaba kada su wuce "Ya ɗauka" da "Ya biya", kuma a saman allo a riƙa nuna adadin layukan da ba su tafi ba tukuna, don Alhaji ya san lissafin da yake gani bai haɗa da na yaron da ke hanya ba.

Ranar miƙa aiki kada ka ce a jefar da littafi. A riƙa rubutawa a wuri biyu na wasu makonni, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ku zauna ku zaɓi mutum biyar ku kwatanta. Inda aka samu saɓani, ka buɗe jerin harkokin mutumin a waya, Alhaji ya buɗe shafinsa, ku bi layi-layi daga ranar ƙarshe da lissafin biyu suka yi daidai. Galibi za ka tarar kuɗin da aka turo ta banki ne aka ga alat amma ba wanda ya shigar. Idan hakan ya yawaita, ka ƙara gurbin hanyar biya, kuɗi hannu ko turawa ta banki ko POS, sannan ka sa rahoton yamma ya riƙa ware su, yadda za a iya ɗora jimillar na banki a kan alat ɗin da suka shigo wayar Alhaji a wannan yini.