Gwiwar hannu ta kumbura kamar ƙwai? Ga yadda za ka gane matsalar

Jama'a, wanga kumburin da ke fitowa a tsinin gwiwar hannu, luɓus kamar ƙwan kaza, ba jifa ba ne kamar yadda wasu ke cewa. Akwai wata 'yar jaka tsakanin fata da ƙashi a wurin, ita ke rage gogayya, to in ta sha wahala sai ta tara ruwa. Shi ya sa za ka gan shi ga mai shagon da ke yini ya kafa gwiwa bisa kanta, ko ɗan kabu-kabun da ya faɗi ya bugi wurin.

Fara taɓawa ka ji tukun. In babu ɗumi, hannu na miƙewa yana lanƙwashewa lafiya lau, to daina dogara shi, naɗe ƙanƙara ko daskararren fiya wata cikin tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku a rana, ka sa bandeji amma ba tamau ba. Sau da yawa cikin 'yan makonni zai sace. Masu olsa da ciwon ƙoda dai a yi hattara da maganin rage zogi irin ibuprofen.

Amma fa in wurin ya yi zafi rau yana sheƙi, ga zogi ga zazzaɓi, musamman in akwai yanka ko ƙwarzane kusa, irin wanda masuntan Yawuri da Argungu da manoman shinkafa a fadama ke samu kullum su ce ba komai, to ƙwayoyin cuta sun shiga, a ranar ake zuwa asibiti ba gobe ba. Likita na iya zuƙar ruwan da sirinji a auna, ya rubuta antibayotik. Don Allah kar a kai wa wanzami ya yi sakiya, ƙofa ce ake buɗe wa cuta.

In faɗuwa aka yi hannu ya ƙi miƙewa, a ɗauki hoton ƙashi kafin a nufi maɗori, yara musamman.

Sai kuma wanda nashi ke tafiya yana dawowa ba tare da ya bugu ba. Nan ana zargin gawut, wato gishirin yurik asid ya taru a gaɓa, yawan cin jan nama da kayan ciki na tayar da shi, galibi ma da babban yatsan ƙafa yake farawa. Amosanin gaɓɓai ma na kawowa. Mai sikila kuwa ko ɗan kumburi ne, in dai da zazzaɓi, a kai shi a duba.